Tafki, Gandun Daji ko Fadamar Tsuntsaye: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Masu tallan yawon buɗe ido sukan cusa komai a hoto guda: ruwa shuɗi, giwa a gefe, tsuntsaye sun rufe sama. Idan ka je da ƙafarka sai ka tarar wurare ne uku masu hali daban-daban, kowanne da watannin da yake kyau. Wanda ya biya kuɗi saboda hoto, bai tambayi watan da aka ɗauke shi ba, ya yi cinikin biri a sama. Kafin ka tambayi kuɗin ɗaki, fara tambayar inda ruwa yake a lokacin da kake son zuwa, domin dabba da tsuntsu duk ruwa suke bi.

Mu fara da gandun daji, tunda shi ya fi cin kuɗi kuma shi ya fi ba mutane haushi. Da damina daji yakan yi kyau ƙwarai, amma ciyawa ta fi mota tsawo, ruwa ya kwanta a kowane kwari, dabbobi sun watsu ba su da dalilin zuwa kusa da hanya. Sai ka yini kana jin motsi a cikin duhuwa, ba ka ga ko jela ba. Da rani kuwa ganye ya zube, kududdufai sun ƙafe, ƙishirwa ta tattaro kowa bakin kogi. A Yankari da ke jihar Bauchi, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 2,244, kogin Gaji ne matattara, kuma daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu aka fi ganin ɓauna da gwanki da gwambaza, giwa ma idan an yi sa'a. A Kruger ta Afirka ta Kudu lissafin ya juya, ranin nasu daga Mayu ne zuwa Satumba. Serengeti ta Tanzaniya kuma tana da nata tsarin, domin garken da ya haura dabba miliyan ɗaya yawo yake yi shekara duka: wajen Fabrairu yana kudu ana haihuwa, daga Yuli zuwa Oktoba yana arewa yana tsallaka kogin Mara. Ka kama masauki mai tsada a kudu cikin Agusta, sai ka iske fili fayau.

Su kansu gandayen ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ake zagayawa a mota, kana zaune ana nuna maka. Akwai kuma irin Gashaka-Gumti, mafi girma a Najeriya, tsakanin Taraba da Adamawa, inda duwatsu da kurmi suka yi yawa, tafiyar ƙafa ce da hawa da gangara, kuma biran da ke cikinsa sai ka sha wuya kafin ka hango su. Mai ƙananan yara ko dattijo mai ciwon gwiwa, na farkon ne nasa. Abin da ya sa nake ganin Yankari ta dace da iyali shi ne ruwan Wikki, mai ɗumin da ba ya tashi daga wajen digiri 31 rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasa. Ko da dabbobi sun ƙi fitowa, yara ba za su ce an yi asarar tafiya ba. Sai dai a kula da gwaggon biri na sansanin. Zai zauna a kan katanga yana soshe-soshe kamar ba ruwansa da kai, idonsa kuwa na kan ledar hannunka, kana buɗe ƙofar mota ya riga ka shiga.

Fadamar tsuntsaye ita ce mutane suka fi rainawa, ni kuwa ita na fi ba wa mai neman tabbas. Zaki yana iya ɓuya mako guda, amma dubban agwagin ruwa ba su da inda za su ɓuya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai sukan tsallako Sahara su sauka a ruwan farko da suka tarar. Shi ya sa Djoudj da ke bakin kogin Senegal, wadda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin wuraren gado na duniya a 1981, take cika maƙil, ana shiga da kwalekwale har kusa da tsibirin da kwasakwasa ke sheƙa. Haka dausayin Haɗeja da Nguru, wanda wani sashensa ya shiga jerin Ramsar a 2000. A nan baƙin tsuntsaye ke cakuɗuwa da 'yan gida, su zalɓe da dinya da kirinjijiya. Wannan suna na Ramsar, daga yarjejeniyar kare dausayi ne da aka ƙulla a wani gari na Iran a 1971. Yana nuna wurin yana da muhimmanci ga tsuntsaye da ruwa, bai yi maka alkawarin masauki ko hanya mai kwalta ko banɗaki ba. Aibin fadama ke nan: sauro, laka, ƙarancin inuwa, ga tashin asuba dole, don da rana ta take, kallo ya ragu.

Tafki kuma na mai son hutu ne, wanda burinsa iska da shiga jirgin ruwa da jefa ƙugiya, dabba idan ta zo to, idan ba ta zo ba babu damuwa. Ya fi sauƙin shiri, bai kuma cika damuwa da wata ba. Amma a cikin ukun shi ne haɗarinsa ya fi ɓoyuwa, saboda ruwan kwance yake lumui. Yawancin tafkunan Afirka masu ruwan daɗi, har da Tafkin Malawi da ake yabo saboda ɗaruruwan nau'o'in kifinsa masu launi, suna da tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin dodon koɗi da ke gefen ruwa mai ciyayi, ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba, sai bayan makonni a fara zazzaɓi ko fitsarin jini. Akwai maganinta, praziquantel, amma wanda ya shiga irin wannan ruwa gara ya faɗa wa likita ko da bai ji komai ba. Sai dorina. A tafki irin Naivasha na Kenya za ka ga kunnuwa da hanci kawai a saman ruwa, da dare kuwa fitowa take yi kiwo, kuma a tudu ta fi mutum gudu. Kada ka tsaya tsakaninta da ruwa. Masaukin da ke bakin tafki, a tambaye su ko akwai shinge ko mai gadi da dare. Jirgin da babu rigar kariya daga nutsewa daidai da yawan fasinja, har da ta yara, a bar shi ko da kyauta ne.

Tafki ma yana canza hali. Tafkin Nakuru na Kenya ya yi suna da tsuntsayen filamingo da ke mayar da bakin ruwa ja-ja, amma da ruwan ya ƙaru a shekarun bayan 2010, gishirinsa ya tsinke, gansakukar da suke ci ta ragu, da yawansu suka koma Tafkin Bogoria. Har yau ana tallata wurin da tsofaffin hotuna. Karkanda dai tana nan, kuma ita kaɗai ta isa a je.

Idan kuɗi bai isa komai ba, a rage a ɗaki a ƙara a ɗan jagora. Ɗaki barci kawai za ka yi a ciki. Jagora nagari shi ne zai tsayar da mota ya nuna maka kashin giwa mai ɗanyen tururi da reshen da ta karya, ya ce ba su yi nisa ba, ya kashe inji a jira. Kruger tana barin mutum ya tuƙa kansa bisa sharaɗin kada ya sauka sai a wuraren da aka keɓe, kuma ya dawo kafin a rufe ƙofa, amma baƙon ido yakan wuce damisa a kan reshe bai sani ba. Abu ɗaya da zan yarda a biya wa masauki ƙari shi ne kasancewarsa cikin gandun, domin dabbobi da sassafe da gab da faɗuwar rana suke motsi, mai kwana a waje kuwa lokacin yana hanya.

Madubin hangen nesa ya fi kyamara amfani ga mai zuwan farko. Lambobin da ke jikinsa, kamar 8x42, ta farko yawan kusantowa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Mutane sukan ruga wa mai 10 ko 12 suna ganin ya fi, alhali duk yadda ya kusanto da abu, haka yake ƙara rawar hannu, a cikin kwalekwale kuwa sai ka ji jiri. Mai 8x42 ya fi faɗin gani, yana kuma shigar da haske sosai da asuba. Ƙaramin 10x25 yana shiga aljihu, amma da magariba ta kawo kai duhu za ka gani. Tufafi kuma a guji baƙi da shuɗi a dajin da ke da ƙudan tsando, launukan da ke jawo shi ke nan, kuma cizonsa yana ratsa yadi mara kauri.

Saura tsaro, wanda babu ɗan talla da zai fara ɗauko maka zancensa. Wasu daga cikin wurare mafi kyau a Afirka ta Yamma, irin gandun W da ya ratsa Nijar da Benin da Burkina Faso, da dajin Tafkin Kainji, sun yi fama da 'yan bindiga a shekarun nan. Ko Kure ta Nijar, inda raƙuman dawa suka farfaɗo daga 49 a 1996 zuwa ɗaruruwa, an kai hari a 2020. Labarin bara ba ya aiki a nan. Ka kira hukumar wurin da kanka a makon tafiya, ka tambayi halin hanyar da za ka bi da ƙarfe nawa ake daina binta, kuma ka nemi a rubuta maka sharaɗin mayar da kuɗi idan an rufe wurin kafin ranar zuwanka.