Wata uku ina sauraren busar sarewar Yahudawan Gabashin Turai

Da damina na sayi wani faifai ta intanet, kiɗan klezmer ne zalla, babu murya, sarewa ce ke jan ragama. Yau wata uku ke nan kusan kullum sai na kunna shi bayan isha'i, don haka ina ganin na isa in yi magana a kansa.

Klezmer kiɗan biki ne na Yahudawan Foland da Yukren da Lituwaniya da Romaniya. Sunan daga Ibrananci ya samo asali, kli zemer, wato kayan kiɗa. Akasarin mutane da kilarinet, wani abin busa na Turawa, suka san shi, domin shi ya yi tashe a faifan da irin su Naftule Brandwein da Dave Tarras suka ɗauka a New York. Amma a ƙarni na 19 sarewar katako tana cikin taron makaɗan, tare da goge da tsimbil, wani faffaɗan akwati mai tsirkiya da yawa da ake bugawa da 'yan sanduna biyu. Wannan tsohon sautin ne ya sa na cire kuɗina.

Inda faifan ya biya ni shi ne doina. Kiɗa ne mai tafiya a hankali, babu ganga, babu ƙidayar taku, asalinsa kuma na makiyayan Romaniya ne, Yahudawa suka ɗauka suka mai da shi nasu. Ranar farko da na ji, Bafulatanin da ke busa a bayan garinmu da yamma ne ya faɗo mini a rai. Mai busar da ke cikin faifan kan ja sauti ɗaya ya daɗe, sai ya katse shi da wata 'yar shessheƙa da suke kira krekhts. A sarewa har numfashinsa kana ji kafin shessheƙar ta fito, kamar mutum na haɗiye kuka. Na mayar da wurin nan baya ya fi sau ashirin.

Akwai kuma salon da suke kira freygish, wanda ya yi kusa ƙwarai da salon hijaz na kiɗan Larabawa. Duk wanda ya saba da ƙira'ar makarantan Masar kunnensa ba zai baƙunce shi ba. Nigun, wato waƙoƙin ibada na Yahudawa 'yan ɗariƙar Hasidawa, su ma sun zauna daram, su da dama an yi su ne ba kalmomi, ana ta maimaitawa har zuciya ta nutsu.

Sai dai kiɗan rawa, freylekhs, bai gamsar da ni ba. Da zarar ganga da babban goge sun shigo, sarewar sai ta nutse, wanda ya haɗa sautin bai yi mata adalci ba. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, babu bayanin garin da kowane kiɗa ya fito. Moshe Beregovski, wani mai binciken kiɗan gargajiya, ya sha yawo a garuruwan Yukren a shekarun 1930 yana tattara irin waɗannan kaɗe-kaɗe, kafin kisan ƙare dangi na Yaƙin Duniya na Biyu ya shafe yawancin al'ummomin da ke yin su. Kiɗan da ya tsira daga wannan bala'in bai kamata a sayar da shi babu asali ba.

Duk da haka ban yi asara ba. Wanda zai saya ya nemi abin sawa a kunne mai kyau, domin lasifikar waya tana cinye numfashin nan gaba ɗaya, kuma ya fara da doina.