Sharhi kan ɗan littafin aljihu na kalmomin walda da aikin bututu

Hannuna ya daɗe da sabawa da walda, amma da na koma aikin bututu a masana'anta sai kalmomin suka riƙa rikita ni. Shi ya sa na sayi ɗan littafin nan na aljihu.

Kwana uku da sayensa ya fid da ni kunya. An kawo mana bututun inci 2, na ɗora ma'auni a bayansa, na ga milimita 60.3. Ni dai a sanina inci 2 bai kai milimita 51 ba. Raina ya ɓaci, har na miƙe zan je in ce wa maigida an kawo mana kayan da ba mu nema ba, a mayar. Allah ya sa na fara buɗe littafin. Ashe lambar girman bututu da ake kira NPS, kamar inci 2 ɗin nan, suna ce kawai, kuma faɗin bayan bututu ba ya daidaita da lambar sai daga inci 14 zuwa sama. A shafin na gane cewa shedul 40 da shedul 80, wato ajin kaurin bututu, faɗin bayansu ɗaya ne, kaurin jikin ne ya bambanta: milimita 3.91 da 5.54 a wannan girman. Na koma na auna kaurin, ya yi daidai cif. Wallahi ranar na yabi littafin a gaban kowa.

Bayanin sandar walda mai lamba E7018 ma ya yi, cewa 70 ɗin ƙarfin ɗinkin yake nufi, 1 kuma ana iya walda da ita ta kowace fuska.

To amma yanzu da nake rubutun nan, abin da ya faru daga baya ya dawo mini. A shafin yanayin ajiye bututu don walda sun musanya zanen 5G da na 6G. Haka na haddace. Rannan maigida ya ce, "Kafa mini 6G ka gwada." Na kwantar da bututun a miƙe na ɗaure. Ya dube ni ya ce, "Yaro, wa ya koya maka haka? 6G a karkace yake, digiri 45." Gaban yara biyu da na girme su. Har yau abin yana ci mini rai, domin wanda zai shiga gwajin walda da wannan kuskuren a kansa an cuce shi.

Bangon littafin ma ya fara ɓallewa tun mako na biyu. Teburin ma'auni ina amfani da shi kullum, amma zane-zanen ban ƙara yarda da ko ɗaya ba sai na nuna wa maigida.