Na biya an bi mana salsalar gidanmu daga Aboabo har Salaga, ga yadda aikin ya kasance

Salamu alaikum jama'a. Masu tambayata wa ya haɗa mana takardar salsalar gidanmu, nawa aka biya, kuma wai gaskiya ce ko irin wadda ake shirya ma mutum don ya ji daɗi, bari in amsa muku gaba ɗaya. Wani malami ne matashi a nan Kumasi, yana da ɗan shago wajen Aboabo inda yake fotokwafi da buga takardu, amma bin asalin mutane shi ne aikin da ya fi sa ransa a kai. Ba zan sa sunansa ko lambarsa ba tunda ban nemi izininsa ba. Kuɗina dai ya halatta, wannan na faɗa da zuciya ɗaya, sai dai akwai wuraren da raina ya ɓaci kuma su ma zan faɗe su.

Abin da muka sani kafin mu je wurinsa bai wuce abin da kowane gida a zongo ya sani ba, mu Katsinawa ne, kakan babanmu ya zo da fataucin goro, ya zauna Salaga, shikenan. Ka tambayi shekara babu, ka tambayi sunan matarsa sai a fara kallon juna. Ni na zaci zai karɓi sunaye ya shige kwamfuta, sai tambayarsa ta farko ta zama wace ce mace mafi tsufa a gidan. Muka ce Goggo, yayar babanmu. Ya ce to da ita zai fara, kuma kar mu tara mata maza a kai, don in maza na zaune tsohuwa ba ta faɗin rabin abin da ta sani.

A nan na gane mutumin ya san aikinsa. Bayan la'asar yake zuwa, da goro a ƙulle cikin ganye, ya durƙusa ya gaida ta, ya aje waya a gefen tabarma tana ɗaukar murya, kuma ko sau ɗaya bai ce mata a wace shekara aka haife ki ba. Cewa ya yi, Mma, lokacin da rana ta yi husufi gari ya yi duhu kina ina? Wallahi sai ga Goggo ta gyara zama. Ta ce tana ƙarama tana famfara, an aike ta da tallan ƙosai, sai gari ya rufe kaji suka nufi akurki, ta yar da faranti ta ruga gida tana kuka, maza suka cika masallaci, kuma bayan nan da kwana kaɗan aka haifi ƙaninta, wato baffanmu. Husufin nan an san ranarsa, 20 ga Mayu 1947, ya bi ta kan ƙasar nan. Yarinya mai famfara kuwa ba ta wuce shekara bakwai, kenan wajen 1940 aka haife ta, alhali abin da ke kan katinta daban ne, wanda wani ya ƙiyasta mata a ofis. Haka ya dinga yi mata da sauran abubuwa, an yi auren wance kafin sidi ya karɓi fam ko bayansa, wato 1965, wane ya rasu kafin korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi ko bayanta, yaron nan ya ga yunwar 1983 ko bai gani ba. Da haka ya jera haihuwa da aure da mutuwa na mutane da yawa da babu ko ɗaya mai takardar haihuwa, don dokar da ta game ƙasa duka da rajistar haihuwa da mutuwa sai 1965 aka yi ta.

Sai maganar gafaka. Akwai Alƙur'anin kakanmu rubutun hannu a cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadon Goggo, mu dai mun san yana nan amma ba mai taɓawa. Ya yi alwala, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya dinga ɗaga warƙa ɗaya ɗaya yana ɗaukar hoto, bai yarda ya fita da ko guda daga ɗakin ba, ya ce takardar da ta bar gida ba ta cika dawowa ba. A bayan izu na ƙarshe akwai wasu 'yan warƙoƙi da gara ta ci gefensu, tawada ta koma ruwan ƙasa, rabi Larabci rabi ajami, ashe nan kaka yake rubuta haihuwar 'ya'yansa. Ga sunan baffa, ga wata Rajab, ga shekara 1366. Malamin ya juya ta zuwa lissafin boko a gabanmu, farkon Rajab ɗin ya faɗo daidai bayan husufin. Bakin tsohuwa da alƙalamin mahaifinta suka haɗu a wuri ɗaya, ni dai a nan na ji tsigar jikina ta tashi, Goggo kuma ta ce ai na gaya muku.

Abin da ya fi komai daraja a aikinsa a wurina shi ne launin tawada. Kala uku yake amfani da su a takardar. Baƙi na abin da ya gani a rubuce, shuɗi na abin da tsofaffi biyu da ba su zauna tare ba suka faɗa iri ɗaya, ja kuma na abin da baki ɗaya kawai ya faɗa. Kana kallon takardar ka san inda ƙasa take da ƙarfi da inda take da taushi. Kuma an gwada shi a kan wannan, don baffanmu tun muna yara yake cewa mu jinin sarautar Katsina ne, kakanni sun fito ne lokacin jihadi. Malamin ya nema bai samu ko mutum na biyu da ya faɗi haka ba, sai ya sa da ja. Baffa ya hau faɗa paa, ya ce yaro ƙarami zai ƙaryata shi. Malamin ya sunkuyar da kai ya ce, Alhaji ku yi haƙuri, ban ce ba haka ba ne, amma abin da ban gani ba ba zan sa shi da baƙar tawada ba. Na san masu irin wannan aiki da in ka ƙara musu kuɗi za su kai ka har gidan sarki ko gidan sharifai, shi bai yi ba, ko da yake baffa na cikin masu biya.

Ya kuma zaunar da mu ya ba mu labarin hanyar yadda za mu gane dalilin kowane ƙaura. Ayarin fatake na tashi daga Kano da Katsina da jakuna, madugu a gaba, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su bi ta Yawuri su ratsa Borgu, Nikki, Jugu, Sansanin Mango, Yandi, har Salaga a ƙasar Gwanja, su koma da goron Tonawa, wato mutanen Asante, tafiyar watanni. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874 ikon Tonawa a kan Salaga ya karye, kasuwar goro ta fara komawa Kintampo da Atebubu. Sai rikicin sarautar Kpembe, mazaunin sarakunan da ke mulkin Salaga, na 1892 ya tarwatsa Salaga, mutane suka watsu, namu suka bi waɗanda suka nufi Kete Krachi, garin da shahararren malamin nan Alhaji Umaru ya yi limanci har ya rasu a 1934. Daga baya da jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903 goro ya koma bin teku zuwa Legas, ayarin jakuna ya fara mutuwa, mai neman abinci da goro dole ya matso Kumasi. To ka ga ashe ba yawo kaka ya yi ta yi ba, kasuwa yake bi.

Salaga da ƙafarsa ya je, ta Yeji ya tsallaka ruwa zuwa Makango, ya zauna da dattawa ya kawo mana muryoyinsu. Ya samu unguwar, gidan kuwa bai samu ba kuma ya faɗa mana bai samu ba. Na Kete Krachi ya fi ciwo, tsohon garin ruwan Volta ya cinye shi bayan an gina dam ɗin Akosombo a shekarun 1960, Goggo ta daɗe tana cewa a kai ta ziyarar kabarin kakanta kafin ta mutu, sai da ya lallaɓa ya gaya mata wurin yana ƙarƙashin ruwa. Ta yi shiru ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a daga inda take zaune.

Wajen takardun gwamnati ya duba a PRAAD, wato ma'ajiyar tsofaffin takardun gwamnati, reshen Kumasi, da kuma ma'ajiyar Manhyia, fadar sarkin Asante. Kar mutum ya sa rai da yawa a nan, talaka ba ya shiga fayil ɗin Bature sai in ya yi shari'a, ko ya shiga soja ko ɗan sanda, ko ya nemi fili. Ga kuma yadda akawu ke rubuta suna yadda kunnensa ya ji, ya liƙa ma mutum sunan garinsa ko ƙabilarsa a baya. Ya samo wata shari'ar bashin goro mai suna irin na kakan babanmu da Katsina a ƙarshe, mu har mun fara murna, shi kuwa ya ce masu wannan suna a zongo a lokacin ba ɗaya ba ne, ya sa da ja. Ya ce akwai tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami a jami'ar Legon da aka tattara a shekarun 1960, in gidanku gidan malamai ne can ya kamata a leƙa, mu namu fatake ne shi ya sa bai je ba.

Akwai abu ɗaya mai nauyi da ya fito, kuma yadda ya riƙe shi ya ƙara masa girma a idona. Goggo ta rage murya ta gaya masa cewa mahaifiyar kakanmu zanen fuskarta ba na Hausawa ba ne, Hausarta ma har ta rasu ba ta miƙe ba, kuma ba ta taɓa faɗin sunan garinsu ba, a kasuwar Salaga aka same ta tana yarinya. Lokacin ya yi daidai da shekarun da Zabarmawan Babatu ke kai hari ƙasar Gurunshi suna kawo mutane kasuwa. Bai buga ba, bai kuma ɓoye ba, ya kira manyan gida su kaɗai ya ce ga abin da ya ji, su za su yanke. An yi ta ja, wasu na cewa a bar kaza cikin gashinta. Ni na ce matar nan ita ta haifi wanda ya haife mu duka, an riga an raba ta da garinsu da iyayenta, mu ma jikokinta sai mu share ta? A ƙarshe an sa ta da sunan da aka san ta da shi a gida, kuma yanzu tana cikin waɗanda ake ambata in ana addu'a.

To sai inda ban ji daɗi ba. Bugun farko da ya kawo layin maza kawai ya bi, 'ya'ya mata an rubuta su ƙanana a gefe, 'ya'yansu ko ɗaya babu, har ita Goggo da kusan komai daga bakinta ya fito reshenta a yanke yake. Da na yi magana ya ce haka aka saba rubuta salsala. Na ce Malam, wannan ba rabon gado muke ba, zumunci muke nema. Ya gyara, amma sai da muka sake biyan kuɗin bugu, wanda a ganina bai kamata ba tunda tun farko ya ce gida duka zai yi. Sannan alƙawari, ya ce kafin Babbar Sallah za mu karɓa don mu nuna wa dangi da suka taru, Sallah ta zo ta wuce, ka kira ba ya ɗauka, in ya ɗauka yau dumso, wato an ɗauke wuta, gobe tafiya. Shi kaɗai ne kuma ya karɓi aikin gidaje da yawa. Muryoyin ma ta WhatsApp ya fara turo su a gutsure, sai da na kai masa filashi na tsaya a kansa ya zuba min su cikakku tare da hotunan warƙoƙin. Ku kuma yi magana da shi tun farko kan kwafin da ke zama a kwamfutarsa, don sirrin gida ne a ciki, mu sai daga baya muka rubuta yarjejeniya cewa ba zai nuna wa kowa ba.

Kuɗi kashi kashi ake biya ta momo, wato tura kuɗi ta waya, na mota da masauki in zai yi tafiya daban ne kuma yana kawo lissafinsa a rubuce. In an haɗa duka ya kai kuɗin ragon layya matsakaici, mu 'yan uwa muka yi karo-karo. Masu ce min gara gwajin yawu na DNA da ake aikawa Amurka, ni ban hana kowa ba, amma shi yanki zai nuna maka, ba zai gaya maka sunan kakarka ko dalilin da ya sa aka bar Salaga ba. In za ku je wurinsa ku fara tattara gafaka, tsofaffin hotuna, takardun fili, fasfo ɗin aikin hajji, kuma ku tabbatar akwai tsoho ko tsohuwa da hankalinsu ke nan, in babu shi da kansa zai ce muku aikin ba zai yi nisa ba.

Ku kuma sani aikinsa a bakin iyakar Ghana yake tsayawa. Ɓangaren Katsina bai taɓa ba, haka reshenmu da ya tafi a ƙarshen 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su fita, abin da ya rubuta a gabansu kawai sun tafi Najeriya. Ƙanin kakanmu ne da matansa da yara, aka loda su a mota da abin da hannu zai iya ɗauka, Goggo ta ce labari na ƙarshe da aka ji suna Agege suna sana'ar goro. Su muke nema yanzu. Duk wanda iyayensa suka taso daga Aboabo a wannan shekarar, asalinsu Katsinawa da suka biyo ta Salaga da Kete Krachi, don Allah ya yi min magana mu gwada sunaye, Goggo na so ta ji muryar ko mutum ɗaya daga cikinsu.