HDMI, AV ko RF: da wace waya za ka haɗa dikoda da talabijin?

Kafin ka tafi kasuwa, juya bayan talabijin ɗinka da na dikodar ka ga ramukan da ke jikinsu. Su ne za su faɗa maka abin da za ka saya, ba mai shago ba.

In duka biyun suna da ramin HDMI, to magana ta ƙare. Waya ɗaya ce tak, ita ke ɗauke da hoto da sauti gaba ɗaya, babu zancen wace kala ta shiga ina. In dikodar mai HD ce, za ta kai maka hoto mai layi 1080, garau, har lambar bayan rigar ɗan ƙwallo kana karantawa daga kan tabarma. Ka kashe wuta, ka soka, ka kunna, sai ka danna Source ko Input a rimot ɗin talabijin ka zaɓi lambar ramin da ka sa. Nan mutane da yawa ke makalewa, su ce dikoda ta lalace alhali lafiyarta ƙalau. Mita ɗaya da rabi zuwa biyu ta ishi falo. Kada a ruɗe ka da kai mai ruwan zinare, ba ya ƙara wa hoto komai.

AV, wato mai kai uku, ruwan ɗorawa na hoto, ja da fari na sauti, ba ta wuce layi 576. Ta dace da talabijin mai ƙeya, amma a na bango hoton dishi-dishi yake. RF kuwa, wato wayar da ke shiga ramin eriya, ka bar ta sai in babu yadda za ka yi.

Abin da ya fi damuna shi ne jabu. Akwai wata waya da ake sayarwa, gefe ɗaya HDMI, ɗaya gefen kai uku na AV. Na taɓa sayen ta saboda tsohon talabijin na mahaifiyata, mai shagon har da rantsuwa. Na kai gida, allo baƙi ƙirin. Na yi ta sauya ramuka har dare, ina zargin dikodar. Ashe saƙon HDMI na dijital ne, na AV kuma analog, waya zalla ba za ta juya wannan zuwa wancan ba. Sai da ɗan akwatin kwanbata, mai shan wuta ta USB. Na mayar da ita washegari, aka ce an riga an yage leda.

Haka ma wayar eriya. Ka kanga maganaɗisu a silin tsakiyarta: in ya kama, ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe. HDMI mai siririn jiki da ba ta da nauyi a hannu, wadda kanta ke girgiɗi, ita ce ke sa hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Ka ce a gwada maka a talabijin na shagon, ka ɗan motsa kan wayar kana kallon allo, sannan ka biya kuɗi.