Sabon albam na wani yaro mai gurmi, ya shiga raina wallahi

Jiya da daddare ƙanina ya turo min albam ɗin wani matashi a WhatsApp, wai shi ya rubuta waƙoƙin, shi ya kaɗa gurmin, shi ya naɗa a ɗakinsa ba furodusa ba kamfani. Na sa iyafis da niyyar in ji guda ɗaya in kwanta, sai ga ni har ƙarfe 1 ban runtsa ba.

Abin da ya kama ni shi ne bai cika shi da kiɗan kwamfuta ba, gurmi ne tsirara da kalangu a bayansa, har ƙarar yatsansa a kan tsirkiya kana ji, kuma muryar nan ba otocun ko kaɗan. Waƙar da ya yi wa mahaifiyarsa, inda yake zancen tana surfe da asuba kafin su tafi makarantar allo, wallahi sai da na yi ƙwalla don Inna ta faɗo min a rai.

Gyara ɗaya dai, a waƙoƙi biyu kalangun ya danne muryar, sai ka kasa kunne sosai. Ɗan'uwa Allah ya ƙara basira, ka ɗora shi a Audiomack don mutanen nesa su samu.