Raba tagwaye a blackjack: dokokin da za ka duba kafin ka zaɓi tebur

Blackjack wasan karta ne na gidan caca, inda kake neman jimlar kartarka ta fi ta dila (mai raba karta) kusa da 21 ba tare da ta wuce ba. Idan dila ya ba ka karta biyu masu daraja ɗaya, kana da damar raba su hannu biyu, ka ƙara kuɗi daidai da na farko. Tambayar ita ce ko hakan zai amfane ka, kuma amsar tana canzawa daga tebur zuwa tebur.

Lissafin ba shi da wuya. Ka duba abin da hannu ɗaya mai farawa da wannan karta yake kawowa a matsakaici, ka ninka shi biyu, sannan ka gwada da abin da za ka samu in ka tsaya ko ka ja karta. Ɗauki takwas biyu, dila kuma yana nuna goma. Sha shida mugun hannu ne: ko ka ja ko ka tsaya, asarar kusan 54 ce a kowane 100 da ka sa. In ka raba, kowane hannu yana asarar kusan 24, jimla 48. Har yanzu asara ce, amma ta ragu da shida. Masu ƙin raba takwas don tsoron ƙara kuɗi, a nan suke kuskure.

Goma biyu kuwa akasin haka ne. Ashirin a gaban shidan dila tana kawo ribar kusan 70 cikin 100, in ka raba ta faɗo zuwa kusan 58. Biyar biyu ma ba a raba su, ana ninka kuɗi ne a kan goman (wato ka ƙara kuɗi daidai da na farko, a ba ka karta ɗaya tak) idan dila yana nuna biyu zuwa tara.

To, sai zaɓen tebur. Abu na farko, ko an yarda ka ninka kuɗi bayan rabawa. Wannan doka tana rage ribar gidan caca da kusan kashi 0.14 cikin ɗari, kuma tana sauya wasan. Da ita, huɗu biyu ana raba su a gaban biyar da shida, tagwayen biyu da tagwayen uku kuma a gaban biyu har zuwa bakwai. In ba ta nan, kada ka raba huɗu sam, biyu da uku kuma sai daga huɗu zuwa bakwai. Dalili shi ne ƙaramar karta tana yawan haɗuwa ta zama goma ko sha ɗaya, wurin da ninkawa take da daɗi.

As biyu kusan kullum ana raba su, domin ana lissafa As a matsayin 11 ko 1, kuma karta 4 cikin 13 darajarsu goma ce, waɗanda za su kai shi 21. Sai dai yawancin tebura karta ɗaya tak suke ba kowane As, kuma 21 ɗin da ka samu a haka biyan ɗaya da ɗaya ne, wato ribar daidai da kuɗin da ka sa. Teburin da ya bari a sake raba As yana ƙara maka kusan kashi 0.08 cikin ɗari.

Wanda ya fi buƙatar lura shi ne tsarin da ya yaɗu a Turai, inda dila ba ya ɗaukar kartarsa ta biyu sai 'yan wasa sun gama. In ya tashi da blackjack, wato As da karta mai darajar goma, zai kwashe har kuɗin da ka ƙara. A irin wannan tebur ba a raba takwas a gaban goma ko As, ba a kuma raba As a gaban As.

Duk da haka, kafin ka tambayi dokar rabawa, karanta rubutun da ke kan teburin. Wanda yake biyan blackjack 6 kan 5 (ribar 6 a kowane 5 da ka sa) maimakon 3 kan 2 yana ƙara wa gida kusan kashi 1.4, wato ninki goma na abin da ninkawa bayan rabawa za ta ba ka. Dilan da yake jan karta a sha bakwai mai As da aka lissafa 11 yana ƙara cin kashi 0.2. Ko teburin da ya haɗa dokoki mafi kyau, in ana wasa da fakitin karta shida gida ne yake da rinjaye, ko da yake bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma raba tagwaye daidai yana cikin wannan lissafin tun farko.