Canter mai sola: a sayar a haɗe ko a kwance kayan?

Salam Alhaji, na ga tambayarka kan tsohuwar Canter ɗin da ka mayar ɗaki, ka sa mata sola da batir da tankin ruwa da gado, yanzu kana son rabuwa da ita kana tunanin ko ka sayar yadda take ko ka kwance kayan kowanne ya bi kasuwarsa. Ni dai a nawa ganin kwancewa ta fi kawo kuɗi, amma ga yadda abin yake.

In a haɗe ne, tambayar farko wa zai saya? Mai neman Canter a Legas dako yake so ya yi da ita, tumatir da albasa daga kasuwar Mile 12, ko fiyawata, ko kujeru da rumfar biki. Ba ruwansa da gadonka. Da bakanikensa zai zo da sassafe su tada injin tun yana sanyi su ga kalar hayaƙin, su ji shigar giya, sannan bakaniken ya kwanta a ƙasa yana ƙwanƙwasa shasi da sifana ko tsatsa ta cinye, ka san iskar gishirin garin nan ba ta raga wa ƙarfe. Silin da katako da wayarin da ka kashe wa kuɗi kuwa a wajensa aiki ka ƙara masa, don sai ya biya mai walda ya farke su, kuma da wannan ɗin zai karya maka farashi, dillali na gefe yana taya shi don dai a yi ciniki ya karɓi la'adarsa.

Masu sonta a matsayin ɗaki akwai su amma tsiraru ne, irin mai gona wajen Epe ko cikin Ikorodu inda wuta ba ta kai ba, ko ɗan kwangila mai aikin gini a Ibeju-Lekki da ke neman inda mai gadi zai kwana ya yi cajin waya. In Allah ya haɗa ka da irinsu to ka huta, ciniki ɗaya an gama kuma za su ga darajar aikin. Matsalar jiran ne, mota na tsaye kana biyan kuɗin faki, taya na tsattsagewa, takardu na ƙarewa.

To kwancewa fa. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 janareto ya gagari mutane da yawa, kayan sola ba sa kwantai. Fanel ba ya tsufa da wuri, masu kyau garantin shekara 25 ake ba su, in gilashin bai fashe ba za ka samu mai saye, inbata ma, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, za ta samu mai saye. Ka fara zagayawa kasuwar kayan lantarki ta Alaba International ka ji kuɗin sabo kafin ka yanka wa naka farashi, kuma maƙwabci mai shago ko mai aski zai fi ɗan kasuwa biya don shi ɗan kasuwa sari yake. Batir ne inda ake kuka. In na ruwa ne dogayen nan masu 200Ah, yawanci shekara 3 zuwa 5 ne ƙarfinsu, mai saye zai ɗora masa lodi ya zuba wa mita ido, in ya faɗi da sauri to kuɗin dalma kawai za ka samu wajen 'yan jari bola. In litiyom ne wannan wata maganar ce, kar ma ka yarda ya bi motar kyauta, ka kai shi gida ka yi amfani da abinka.

Amma ita ma da wahalarta. Katako da kushin asara ne, ba wanda zai biya. Inda aka ɗaure fanel a rufi zai bar huji, dole a toshe a shafa fenti in ba haka ba ruwan Yuni ya shiga ya ruɓar da bodin. Ga yawan kira, wannan na son fanel biyu, wancan inbata kaɗai, kowa "Alhaji nawa ne gaskiya".

Takardu kuwa ko ta wace hanya ba makawa: na kwastam, shaidar mallaka, inshora, da takardar lafiyar mota. Ka duba lambar shasi da ta injin su yi daidai da abin da ke rubuce, kuma in bodin da ke kanta ya saɓa da na takarda mai saye zai ji tsoron 'yan VIO masu duba lafiyar motoci, nan ma mayar da ita motar kaya ya fi sauƙi. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a canza suna, kar ka bari tana yawo da sunanka.

Da ni ne zan sa ta a shafin saye da sayarwa na Jiji da kuma Facebook da farashi biyu, ɗaya da sola ɗaya babu, in ba ta wata guda. In mai gona bai ɓullo ba sai a kira mai wayarin ya kwance a hankali kar ya yayyanka wayoyin. Faɗa min irin batir ɗin da shekarar da ka saye shi, shi zai nuna ko jiran ma ya cancanta.